Mutari, Ka Dawo Ka Ɗaga Malam Idi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga Matamaye zuwa Daura, gidan Alhaji Ilu mai hatsi. A ba Mutari hannu da hannu.

Salamu alaikum Mutari, autana. Ni ce Innarka, Haju. Ina kwananka, ina gajiya, yaya baƙunta? Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, ya tsare mini kai a zaune da a tafe. Ka gaida kawunka Ilu da mutanen gidansa, ka ce na gode da riƙo, amma riƙon ya isa haka.

Ka san ni ban san baƙi ba. Malama Zuwaira ta maƙwabta, mai koyarwa a lakwal, makarantar boko, ita ke riƙe da biro. Baffanka Malam Isa yana bakin ƙofa da carbinsa, yana sa mana baki ba a tambaye shi ba. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kar ta gyara mini. Ka kashe wayarka, ta kawunka kuma in an miƙo maka sai ka ce kana bayan gida. To, takarda dai ba a kashe ta.

Abin da zan fara gaya maka shi ne wanda na san yana hana ka cin abinci. Mutumin da ka buge bai mutu ba. Malama, ƙara rubuta shi. Bai mutu ba. Na san kawunka ya gaya maka, ka ce lallashi ne. To ni na gan shi da idona, na miƙa masa kunu da hannuna, ya sha, har ya ce sukari ya yi kaɗan.

Sunansa Malam Idi, mutumin Yauri ne, manomin rake. Raken ne ya ɗoro a amalanken shanu zai kawo kasuwa ranar da kuka haɗu. Cinyarsa ta karye, an sa masa ƙarfe a ciki, yana kwance gidan likita. Sansa ɗaya an yanka shi nan bakin gudron, wato kwalta, tun bai mutu ba, ɗayan lafiya lau. Fasinjan da ka bari cikin mota ba wanda ya ji ciwo, sai wata mata da goshinta ya kumbura. Motar ubangidanka Alhaji Maman tana ajiye gidan jandarma, kaji na kwana ƙarƙashinta.

Yanzu ka saurare ni, don maganar da zan yi ba ta yi mini daɗin faɗi.

Ranar da ka samu permi, takardar tuƙi, ka shigo gidan nan kana ɗaga shi kamar an ba ka sarauta, me na ce maka? Ka tuna, ni ma na tuna. Na ja ka ɗaki na ce, “Mutari, in Allah ya kawo tsautsayi ka taɓa mutum, kar ka tsaya. Ka bar motar ka yi ta kanka.” Kullum za ka fita sai na maimaita. Wasu uwayen na cewa a dawo lafiya, ni ina cewa kar ka tsaya. To ka ji maganar uwarka, ba ka tsaya ba. Ka buɗe ƙofa ka yanka cikin gonaki ka bar mutum kwance cikin rana.

Baffanka ya ce a rubuta shi ya hana ni tun lokacin. Rubuta masa, Malama, ya ji daɗi. Ya hana, ban ji ba.

Ba mugunta ta sa ni ba, tsoro ne. Ina yarinya ina tallan gyaɗa bakin hanyar Kance, wata babbar mota ta taɓa wani yaro. Direban ya tsaya, ya fito yana salati. Kafin ya rufe baki mutane sun rufe shi da duka. Ban san abin da ya zama ƙarshensa ba, don na zubar da faifaina na gudu. Abin da na sani, da na dawo neman faifan, takalminsa ɗaya na nan tsakiyar hanya. Takalmin nan na ɗauka a raina har na tsufa. Duk lokacin da ka tada mota, shi nake gani. Sai na ɗauki tsorona na ɗora maka, na ce nasiha ce.

To yau na janye ta. Gaban Malama da baffanka na janye. Direba in ya taɓa mutum, tsayawa yake. Ya duba shi, ya janye shi daga rana, ya nemi yadda za a kai shi likita. In kuwa ya ga mutane sun taso da sanduna ransa na cikin haɗari, akwai wurin gudu, amma ba Daura ba ne. Gidan jandarma mafi kusa ne. Ya je ya ce ga ni, ga abin da ya faru, ku je ku ɗauki mutum. Wannan ba daga kaina na ƙago ba, za ka ji wanda ya gaya mini.

Kuma ka sani, a wurin naka ba wanda ya ɗaga sanda. Fasinjanka ne suka fito. Wata tsohuwa ta cire gyalenta aka ɗaure ƙafar da karan rake biyu, wani mai babur ya zo gari ya kira anbilans. Suna ta waige suna cewa ina direba, ya zo ya kama mana. Kamawa suke nema, ɗana, ba duka ba.

Bari in gaya maka wautar da na ƙara yi, ka yi dariya in kana da sauran dariya. Da jandarma biyu suka zo gidan nan nemanka, ina cikin tuyar ƙuli. Ina hango kakin nan ta zaure, na bar kasko kan wuta na faɗa ɗaki na laɓe bayan gado. Suka yi sallama suka ce, “Inna Haju na nan?” Ni kuma daga bayan gado na ce, “Ba ta nan!” Wallahi haka na ce. Sai na ji ɗayan yana dariya. Ya ce, “To Inna, in ta dawo ki ce mata ƙulinta na ƙonewa. Kuma ki ce mata ba cin mutane muke ba, ta zo birgad, ofishinmu, mu yi magana.” Shi ya sauke mini kaskon da hannunsa kafin su fita.

Malama na dariya har biro ya faɗi. Yi ta yi, ke ba ki haifi direba ba.

Ban je birgad ɗin ba a lokacin, tsoro ya hana ni. Amma zuciyata ta kasa zama, sai na dama kunun gyaɗa na zuba a kwano na nufi gidan likita. Na ce a raina ba zan faɗi ko ni wace ce ba, in leƙa kawai in ga ko da rai. Na iske matarsa, Saude, zaune kan tabarma bakin baranda tana yi masa fifita ta taga. Na ce sannu baiwar Allah, yaya mai jiki, na zo duba wata ƴar'uwata ne na ce bari in yi muku sannu. Ta karɓi kunu ta yi godiya. Washegari na koma. Na sake komawa. Har muka saba, tana ce mini Yaya.

Wata rana muna zaune sai na ce mata, “Wannan direba kuwa, kun yi masa Allah ya isa ko?”

Ta ce, “Yaya, mota ai ƙaddara ce. Malam da kansa ya ce shi ma ya fito daga hanyar lambu bai duba ba, rake ya tare masa ido. Ba bugun ke ci mini rai ba. Ko akuya ka taka, ai ka tsaya ka nemi mai ita ka ce sannu. Mutum ɗan mutum, ka bar shi a rana? Kuma har yau ba wanda ya tako daga gidansu ya ce mana yaya mai jiki. Ko ba shi da uwa ne?”

Mutari, na ji maganganu a duniya, ban taɓa jin wadda ta shige ni kamar wannan ba. Na dubi kwanon kununa, na dubi ƙasa. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa na ce, “Yana da uwa. Ga ta nan zaune kan tabarmarki.”

Ta tsaida fifita. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Na ce a raina yau za a tara mini jama'a. Sai ta tashi ta shiga ciki, na ji suna magana ƙasa-ƙasa. Can Malam Idi ya ɗaga murya ya ce, “A ce wa mai kunu ta shigo.” Na shiga, na durƙusa gefen gado ina ba da haƙuri, kuka ya hana ni ƙarasawa. Ya ce, “Tashi Inna, ƙasan nan da sanyi. Ashe shi ya sa sukari ke yin kaɗan, hannu na rawa wajen zubawa.” Saude ba ta yi dariya ba ranar. Amma da zan tafi ta wanke kwanon ta miƙo mini ta ce, “Gobe ki zo da wuri, ya fi son shi da zafi.”

Ka ga abin da nake so ka gane? Mutanenmu na iya haɗiye karaya, na iya haɗiye asarar sa. Abin da ba su haɗiyewa shi ne a ƙi zuwa jaje. Na je a madadinka, amma zuwana rabi ne. Ba ni ke riƙe da sitiyari ba.

Daga gidan likita ban biya gida ba, na aika aka kira baffanka ya raka ni birgad tun ƙarfin bai sauka ba. Ya ce a rubuta sau biyu ina juyawa a hanya yana tare ni. Ƙarya yake, sau ɗaya ne. Komandan ya sa aka kawo mini banci, aka ba ni ruwa. Ni Haju, zaune gidan jandarma ina shan ruwa a kofinsu! Ga abin da ya ce, yadda kunnena ya riƙe, baffanka kuma shaida ne.

Ya ce, “Inna, abu biyu ne, kar ki haɗa su. Buge mutum daban, gudu daban. Na farko mun je mun auna wurin, mun ga inda taya ta ja, mun tambayi fasinja. Shi muke ce wa konsta. Permin ɗanki mai kyau ne, asirans ɗin motar, wato inshora, bai mutu ba, kuma masu asirans su ke ɗaukar maganin wanda aka buge. Amma takardarmu ba ta cika sai mun ji daga bakin direba. Muddin ba ta cika ba, mai karaya ke ta jira.”

Ka ji ko? Saude ta riga ta kai awakinta kasuwa saboda magani. Zamanka a Daura ba kai kaɗai yake ci ba.

Ya ce, “Na biyu kuwa, gudu, ba asirans ɗin da ke ɗaukarsa. A wuyansa yake shi kaɗai, kuma kullum ƙara nauyi yake. Wanda ya kawo kansa da wanda muka je muka kamo, alƙali ba ya yi musu kallo ɗaya. Da ya ji tsoron jama'a ya taho nan kai tsaye, da yanzu wata maganar muke.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, in Malam Idi ya yafe fa?”

Ya ce, “Yafewarsa na da nauyi, za a rubuta ta, alƙali zai gani. Amma hanya ta kowa ce, gwamnati ma na da tata maganar.”

Na ce, “Za ku rufe mini shi?”

Ya ce, “Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna. Yana iya kwana wurinmu, yana iya zuwa gaban alƙali, ana iya riƙe perminsa wani lokaci. Ba ni ke yankewa ba.”

Na ce, “Za ku buge shi?”

Ya ce, “Ba mai taɓa shi. In kina so ki kawo shi da kanki, ki zauna kan bancin nan ki gani.”

To ka ji. Bai yi mini alkawarin daɗi ba, ni ma ba zan yi maka ba. Ina jin tsoron kaso, wallahi ina ji. Amma kaso na da ranar fita. Wannan zaman da kake yi, kana jin an taɓa ƙofa gabanka na faɗuwa, ba ka iya zuwa garinku, ba ka iya riƙe mota da sunanka, yaushe ne ranar fitarsa? Kai da aka sa wa rana da Balki bayan kaka? Ta zo nan ta taya ni surfe, idonta duk ya faɗa.

Akwai wata kuma. Malama, matso, wannan a hankali zan faɗe ta. Ranar da abin ya faru da hantsi na sa an kira mini kai a waya, in ce ka sayo mini kanwa a Damagaram. Ta yi ta ƙara, aka ɗauka, na ji hayaniya, ta yanke. Ban sani ba ko lokacin ne. Na san dai kai ba ka barin kirana ya katse, tun da na taɓa yi maka faɗa na ce ɗan kirki ba ya barin uwarsa na jira. In wayata ce ta ɗauke maka ido, ka faɗa wa jandarma haka, kar ka rufe don ni. In gudu kake yi ma ka faɗa, don fasinja sun ce kana sauri ka riga wata mota lodi. Ka faɗi naka, Malam Idi ya riga ya faɗi nasa. Kuma daga yau na sauke maka wannan: in hannunka na kan sitiyari, ko ni ce, ko Alhaji Maman ne, ko wa ye, bar ta ta yi ta kuka. Ba rashin ladabi ba ne. Kanwa ba ta lalacewa.

Ina da yaƙini za ka sake riƙe mota, don hannunka na da kyau, Alhaji Maman da kansa ya faɗa ko da yake yana cikin fushi. In ranar ta zo, ga abin da nake roƙo. Ranar kasuwa hanyar nan ba taka ba ce kai ɗaya. Ta masu amalanke ce, da jakai, da mata masu tulu, da tumakin da ba su san oda ba. Duk inda ka ga hanyar lambu ta fito gudron, ka ɗauka akwai Malam Idi a bayan rake. Fasinja in sun ce taka mana direba rana na yi, ka ce wanda ke sauri ya sauka ya yi fiffike. Ranar da abu ya faru ba su za a tambaya ba, kai za a tambaya. Birki in ka ji ya yi laushi kar ka ce bari in kai wannan lodin tukuna. Lodi in ya wuce ƙa'ida, kamasho ya ci nasa ya koma inuwa, kai ke tafe da rayuka. Ƙwayar nan da yaran tasha ke sha wai don kar su yi barci, ban taɓa jin kana sha ba, kar in ji. In barci ya zo, ka raɓa gefe ka yi shi. Takardun mota kuma ka riƙa duba su da kanka kafin ka tada, ka ga yau su suka tsaya mana.

Layar da na ɗinka maka ka rataya a madubi, bar ta nan, addu'a ce. Amma ban ce ta taka maka birki ba.

Baffanka ya ce wasiƙa ta yi tsawo, mai ɗauka zai wuce. Saura kaɗan, Malam, ai ba kai ke rubutun ba.

Ga saƙon Malam Idi, shi ya ce lallai a sa. Likita ya ce nan gaba kaɗan zai fara gwada taka ƙafar, ana so wani mai ƙarfi ya riƙe shi. Ƴaƴansa mata ne, ƙannensa na gona. Ya ce, “Inna, ki gaya wa yaron nan, shi ya kada ni, shi zai ɗaga ni. Kafaɗarsa nake jira. Kuma ranar da aka sallame ni, in an mayar masa da permi, shi zai kai ni Yauri, in ga ko ya iya tafiya a hankali.” Saude ta ce ita ba ta shiga. Ya ce za ta shiga.

Ni ma zan shiga. Ni da ban taɓa yarda na hau motarka ba don tsoro, ranar nan gaba zan zauna, kusa da kai.

To ga yadda za a yi. Ka nemi kawunka ya sa ka mota. Kar ka biyo ta gonaki yadda ka tafi, ka biyo ta hanya, da rana, fuskarka a buɗe. Na mayar da tallan ƙulina bakin tasha, wajen da motocin Daura ke sauke mutane, ina nan daga safe har la'asar, kowace mota ta tsaya sai na miƙe. In ka sauka ba gida za mu fara zuwa ba. Birgad za mu, ni da kai da baffanka. Kana ƙarami in za mu ƙetare gudron kai ke riƙe bakin zanena. Wannan karon ni zan riƙe bakin rigarka, don ƙafata na iya rawa. In ta yi rawa kar ka kula, mu dai mu shiga. In sun sallame ka mu wuce gidan likita. In sun riƙe ka, ni zan kawo maka tuwo, na riga na san ƙofar, na san bancin.

Allah ya tsare mini kai a hanyar dawowa. Ya ba direban da zai ɗauko ka natsuwa, ya kauda tsautsayi gabanku da bayanku. Ya ba Malam Idi lafiya ya taka ƙafarsa. Ya sanyaya zuciyar alƙali. Ya sa wannan ya zama na farko kuma na ƙarshe a hannunka. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini maganar da na sa maka a kunne. Malama Zuwaira na gaishe ka, ta ce hannunta ya gaji. Baffanka na gaishe ka.

Na dangwala yatsana a ƙasa don ka san ni ce.

Ka taho, Auta. Mutum na kwance yana jiran kafaɗarka.

Innarka,
Haju mai ƙuli, Matamaye.